Kyaftin ɗin da Ya Doke Masu Masauki

Toyodala ya yi shekaru a Port Moresby yana gadin ƙofar wani filin kurket, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, ya dawo tsibirin Kiriwina da farar hula da kuma surutu. Hular ta yi masa yawa, in ya juya kai sai ta tsaya tana kallon inda ya baro. Surutun kuwa a bakin Turawa ya tsinto shi ta bayan shinge, duk a kan shugabanci. Da gwiwa ta kayar da kawunsa Mwasisi, sai aka naɗa Toyodala a madadinsa kyaftin ɗin kurket na ƙauyen gaɓa, don dai shi ne ɗan 'yar'uwa.

A shekarar ruwan sama ya yi wa gaɓa rowa. Rumbunan doya suka zama ɗakin ƙadangaru, har irin shuka an dafa an cinye. Mutanen tudu kuwa doya ta yi musu albarka, shugabansu Kalubaku ya kira wasa don duniya ta shaida. Kowa ya san yadda ake yi. Baƙi su je su yi rawa, su buga, a doke su da ɗan kaɗan, mai gida ya ji daɗi ya buɗe rumbu ya sallame su da doya. Baƙo ba ya doke mai masaukinsa. Aladun ƙauye ma sun san wannan.

Da safiyar wasan maza suka shafe jiki da man kwakwa, suka zana fuska da fari da baƙi, suka soka gashin tsuntsu a ka. Toyodala ya hau kan wani jirgin ruwa da aka kifa.

"Ku saurara! Ƙungiya kamar kifi take, inda kai ya nufa nan wutsiya take bi. Nauyi shi ke bambanta namiji da inuwarsa. Ni na ga manyan kyaftin da idona, ba sa dariya."

"Ta ramin shinge ka gan su ko ta sama?" in ji Tomiyala, mai jefa ƙwallo, bakinsa ja wur da goron da yake tauna. Aka fashe da dariya.

Mwasisi ya dogara sanda ya matso. "Ɗan 'yar'uwata, irin doya za mu je nema. Ka buga da kyau, ka faɗi da kyau, mu dawo da kaya a ka."

"Kawu, zamaninku ke nan. Ni ba a naɗa ni don in faɗi ba."

"Don haka kawai aka naɗa ka."

Toyodala bai ji ba, hankalinsa na can wajen wani gajimare da ya ga ya yi masa kama da kofin zinariya.

Mutanen tudu suka fara bugu. Duk wanda aka fitar, wato ƙwallo ta kayar da turakun da yake karewa, sai 'yan gaɓa su jeru su yi rawar jirgin sama, hannuwa a buɗe, suna waƙar zambo. Toyodala shi kaɗai ya ƙi rawa, ya naɗe hannu yana cije leɓe, wai yana nazari. Masu lissafi na zaune gindin mangwaro, kowane ɓangare da reshen kwakwarsa, duk gudun da aka yi a tsige ganye ɗaya.

Da bugu ya zo kan baƙi, suka yi abin kirki har reshensu ya kusa kamo na masu gida. Daga nan sai makanta ta sauko musu. Wannan ya kai wa iska duka, wancan ya tsaya sosa ƙafa ƙwallo ta wuce ta kayar da turakunsa. Tomiyala ma faɗuwa ya yi tun ƙwallon ba ta iso ba, har matan tudu suka yi masa guɗa. Kalubaku na kan tabarma yana murmushi, ya riga ya sa an fara kwance ƙofar rumbu.

"Matsorata!" Toyodala ya daka tsawa. "Nauyi ya murƙushe ku! Yau za ku ga abin da ake kira jagora."

Shi ya rage. Mai jefawar tudu ya turo masa ƙwallo a hankali, irin ta girmama baƙo, don ya ɗan taɓa ya fita da mutunci. Toyodala ya rufe ido ya zabga mata kulki. Ta haye bishiyoyin kwakwa, ta tayar da jemagu, ta ɓace. Mai lissafin gaɓa ya dubi reshensa kamar an miƙa masa maciji. Ya tsige ganyen a hankali, yana fatan wani zai hana shi. Reshen baƙi ya zarce.

Ganga ta yi shiru. Toyodala ya ɗaga kulki sama yana jiran a ɗauke shi a kafaɗa, ya daɗe a haka har hannunsa ya gaji.

Kalubaku ya tashi ya kaɗe zaninsa. "Madalla da jarumai. Ashe ƙarfi ya yi muku yawa, mu da muke zaton yunwa kuke ji. A mayar da ƙofar rumbun nan, kada mu ci mutuncin ƙosassu da sadaka."

Aka ɗaure ƙofar a gaban idonsu. Suka kamo hanya, kyaftin na ta bayyana wa bayan Tomiyala yadda ya karkata kafaɗa.

A bakin ƙauye mata na tsaye da kwanduna. Ibodem ƙanwar Toyodala ce a gaba, wadda cika rumbunta ke wuyansa.

"Yaya, ina doyar?"

"Mun yi nasara, Ibodem. Karo na farko a tarihi!"

"Sannu. A wace tukunya ake dafa ta?" Ta kifa masa kwandon a ka ta wuce.

Mwasisi ya yi ta jan gwiwa zuwa tudu yana ba da haƙuri kafin Kalubaku ya sauko. Ya yarda zai ba da iri, amma sai wanda ya yi bugun ya zo ya tsince masa duwatsun sabuwar gona da hannunsa. Gonar kuwa dutse ya fi ƙasa yawa. Lokacin shuka ya zo, mutanen gaɓa suka binne doyarsu, Toyodala na can a duƙe. Matan tudu in za su wuce rijiya sukan tsaya a bakin shinge.

"Kyaftin, ga wani can ka tsallake!"