Gorar Girgis

Sau uku darakta ya sa Baba ya ƙame ya sara wa bangon falonmu. A na ukun hannunsa ya soma rawa. Na matsa zan riƙe shi, mai kyamara ya watso mini harara, na koma da baya.

"Madalla, Alhaji Shahata! Yanzu a zauna a ba mu labarin ranar da kuka tsallake mashigin ruwan Suwais," in ji daraktan da ƙarfi, bakinsa dab da kunnen Baba na dama.

Na hagun ya mutu tun 1973, ranar da harsashin igwa ya fashe kusa da raminsu. Na daman ma saura ƙiris. Shekara uku ina jelen kai takardarsa wani ofishi don a ba shi na'urar ji, kullum amsar ɗaya ce: a dawo bayan salla.

Ni ce Nagwa, autarsa. Ni nake zaune da shi a Suwais, a nan Masar, tun rasuwar Mama. Na taso ban taɓa jin labarin yaƙi daga bakinsa ba. Duk Oktoba, watan da aka yi yaƙin, idan aka sako finafinan yaƙi a talabijin, takalmansa yake ɗauka ya bar gidan. Shi ya sa na yi mamaki da ya amince wa masu shirin talabijin na cika shekara hamsin da yaƙin. Tambaya ɗaya ya yi musu: za a gani har ƙauyukan lardin Minya? Suka ce har can.

Baba ya sa na ɗauko masa ƙullin da ke saman kabad. Wata gorar ruwa ce ta ƙarfe irin ta sojoji, duk ta lanƙwashe, a naɗe cikin tsohon mayafin Mama. Muna yara, taɓa ta kaɗai ke sa Baba ya ɗaga mana murya.

Ya ɗora ta a cinya, ya dubi kyamara.

"Wannan ba tawa ba ce. Ta Girgis Fahim ce, wani Kirista ɗan ƙauyen Minya. Jirgin roba ɗaya muka shiga. In ina salla shi ke gadina, yana cewa, 'Shahata, rage tsawon sujadar nan, harsashi bai san mai ibada ba.' Kwana na tara harsashi ya same shi a cikinsa. Aka ce mu ja baya. Na saɓa shi a kafaɗa, na yi tafiya, na kasa. Na kwantar da shi a yashi. Tawa gorar ta huje tun da safe." Ya shafa gorar. "Sai na kwance tasa daga ƙugunsa. Da ransa. Yana kallona, bai ce mini kome ba. Ruwan nan na sha na rayu."

Yayana Hamdi, da ya zo daga Alƙahira don a ɗauke shi kusa da Baba, ya sunkuyar da kai.

"Ban san sunan ƙauyen ba," Baba ya ci gaba. "Amma yana da ƙanwa, Dimyana. In tana raye, ko 'ya'yanta, su zo su karɓi kayan ɗan'uwansu. Su faɗa mini duk abin da suka ga dama."

"A tsaya," in ji darakta. Ya sosa ƙeya. "Alhaji, labarin ya taɓa zuciya, amma shirin na murna ne. A ba mu na tuta da kabbara mana."

"Me ya ce?" Baba ya tambayi Hamdi.

"Ya ce ka yi ƙoƙari, Baba."

* * *

A kicin Hamdi ya tsare ni ina wanke kofunan shayi.

"Ke kin san abin da zai faɗa ke nan, kika bari?"

"Yau na fara ji, Yaya, kamar kai."

"Tsufa ne kawai. 'Ya'yana a makaranta da sunan kakansu suke tinƙaho. Sai a wayi gari duk Masar ta ji ya ƙwace ruwan mai mutuwa?"

"Shekara hamsin yana ɗauke da abin nan shi kaɗai."

"To ya ƙarasa da shi mana. Nawa ya rage masa a duniya?"

Ya raka masu fim ƙasa. Ta taga na hango shi jingine da motarsu, ya daɗe yana magana da darakta, yana dafa masa kafaɗa.

* * *

Ranar shida ga Oktoba, bayan la'asar, maƙwabta suka cika mana falo. Baba ya sa farar jallabiyarsa, ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, don yanar ido ma ta fara rufe masa gani.

Aka nuna tankoki, aka nuna tuta, aka sa kiɗa. Can sai ga Baba ya ƙame yana sarawa. Mutane suka ɗauki tafi. Kafin tafin ya lafa an wuce shi. Na jira har sunayen ma'aikata suka gama hawa. Babu gora, babu Girgis.

Baba ya juyo yana lalubena da ido.

"Nagwa, na ga kaina. Sunan ya fita sosai? An ji?"

Hamdi ya duƙufa a kan wayarsa. Na dubi fuskar Baba. Rabon da in ga haske irin wannan a kanta tun Mama na da rai. Na durƙusa na kai bakina kunnensa.

"An ji, Baba. Har sau biyu."

"Da Dimyana? Da Minya?"

"Duka."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza, yana ta hamdala.

* * *

Na kira darakta har na gaji, bai ɗauka ba. Na rubuta wa coci uku a Minya. Ɗaya ce ta amsa, cewa masu suna Girgis Fahim a littattafansu sun fi a ƙirga, in aiko da sunan ƙauye.

Yau wata uku ke nan. Kullum bayan azahar Baba yakan yi aski, ya sa turare, ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa. Tun da ba ya jin ƙwanƙwasawa, ya hana a rufe ta.

Jiya sanyi ya sauko sosai, iska na hawowa ta matattakala. Na tashi zan tura ƙyauren.

"Bar shi, 'yata," ya ce. "Hanyar Minya da nisa. Kuma Dimyana ta tsufa yanzu, sai ta sami mai rako ta."

Na bar shi a buɗe. Na ɗauko bargo na lulluɓe masa gwiwoyi, na jawo kujera na zauna a gefensa, muka ci gaba da kallon matattakalar.