Tukwanen Idirisu

"Sauke ta, Idirisu! Wallahi tukunyar nan sai ta kashe ka."

Bai sauke ba. Yana haki, yana jan ƙafa a hawan tudun titin Ladeira da Praça, rabin randa a ka. A juji ya tsince ta, can unguwar Comércio ta bakin teku, inda ni da shi muka tsufa muna dakon kayan jirgin ruwa, a ƙasar nan mai nisa da gida. Ɗakinsa na jikin nawa, tarinsa ya ishe ni.

Duk wanda ya leƙa ɗakin nan sai ya riƙe baki. Ɓarin tukwane ne jere da bango, kowanne ya liƙa masa fasasshen tangaran da guntayen kwalba, kore da shuɗi, da farar ƙasa ya manne su. Zane irin na ƙofar gidajen garinsu. Kyau kam akwai, ban hana ba. Amma mutum ya yini ba abinci yana gogar tsingaro!

"Isma'ila, ka san yadda ake yi a gida," in ji shi. "A kabari, a kifa wa mutum tukwane kafin a tura ƙasa. Nan fa? Zuba maka ake a fuska. Ni ban yarda ba."

"To adon na mene ne? Wa zai gani?"

"Ni mana."

Adon kuwa ta cikin tukwanen ya yi shi. Na yi tsaki na fita.

Ranar da ciwon ya kayar da shi, Lantana mai ƙosai ta kawo kunu, ya ture. "Akwai gurbi a waccan tukunyar," ya ce, "ku samo mini shuɗi." Na sauka har bakin ruwa ina tonon shara, ina ta masifa ni kaɗai. Kafin in hawo ya cika.

Muka wanke shi, muka sallace shi, mu 'yan tsirarun Musulmin da muka rage a garin. Muka ɗauki tukwanen a ka har maƙabarta. A nan raina ya ƙarasa ɓaci. Ramin faffaɗa ne, babu ƙaramin makwanci a ciki da bakin tukwane zai hau. Idirisu da faɗin kabarin gida ya auna su. Mai haƙan, wani Bature, ya ce ba ya ƙara sara ko ɗaya, kuma tarkacen juji ba ya shiga.

"Ka yi haƙuri, Isma'ila," in ji Ɗanbaba, abokin dakonmu. "Ƙasa duk ta Allah ce."

"Na sani!"

Na zaɓi mafi ƙanƙanta, na cusa ƙarƙashin riga, na dira cikin ramin kamar zan gyara likkafani. Baturen yana ta zagi. Na kifa ta a kan fuskarsa, ta zauna daram. Da shebur na farko ya sauka, sai muka ji ƙasar ta bugi yumɓu, ƙwal, ta zame gefe.