Jagoran Zarton Baba

A shagonsu na haɗa jita, tsaga layuka a wuyan jita aikin Baba ne tun kafin a haifi Auta. Layukan nan da ake dasa 'yan ƙarafa a ciki, in ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, jitar ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba. Baba da rula yake yi, da ido, da wani siririn zarto da ba ya ba kowa aro. To, bana sai hannunsa ya fara rawa. Ya ɓata wuya biyu, ya tura su ƙarƙashin benci ya rufa musu tsumma. Auta ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Sai Auta ya zauna a bayan shago ya haɗa wani abu. Ya samo katakon tsohuwar ƙofa ya fafe masa kwari inda wuyan zai kwanta. Ya yanko ƙarfe biyu daga wani karyayyen gado, ya tsayar da su dab da juna, yadda zarto zai bi ta tsakani ba tare da ya waiwaya ba. A gefen hagu ya kafa ƙaton maɗauri mai noti. Ya sa masa suna jagora.

Da safe ya ɗora shi a kan benci. Yayansa, wanda ke yi wa jitocin fenti, ya leƙo.

Baba ya ce, "Wannan kuma fa? Ɓeraye sun dame ka ne?"

"Naka ne, Baba. Ka sa zarto ka ja kawai, shi zai riƙe maka hanya."

Baba ya ɗauki zarton da hagu, ya ja. Yatsunsa suka daki maɗaurin. Ya gyara tsayuwa ya sake, notin ya ɗaye masa fata. Ya mayar da zarton dama, abin ya dinga tangaɗi kamar a hannun ɗan yaye.

Yaya ya fashe da dariya. "Kai Auta! Hannun da ya yi ta jan kunnenka tun kana rarrafe, shi ka manta? Baba ai bahago ne!"

Dariyar ba ta yi nisa ba. Baba ya tsotse jinin, ya miƙa wa Auta zarton ya ce ya gwada. Auta ya ja, layin ya fito tsaf.

"Ya yi kyau," in ji Baba. "Ka auna shi daidai hannunka."

Daga ranar bai sake tambayar zartonsa ba. Ya koma bakin ƙofa da samfefa, yana gogar katakon da an riga an goge. Masu kawo gyara su gaishe shi, su wuce ciki wurin Auta.

Layukan Auta kuwa sai kyau suke ƙarawa, shi kuma abinci ya ƙi shiga. Yana tuna lokacin da yake haɗa jagoran, yadda ya yi ta gwadawa da damansa yana jin daɗi. Wuyan nan biyu ne a ransa a lokacin. Hannun Baba bai faɗo masa ba ko sau ɗaya.

Ran nan Baba ya fita sayen gam, Auta ya kwance maɗaurin, ya huda sabbin ramuka a dama ya mayar da shi can. Ya ajiye zarton a kai, mariƙinsa na kallon hagu.

Baba ya dawo ya daɗe yana dubawa.

"Kai kuma da wane hannu za ka yi?"

"Ni zan koma manna gam."

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya jawo ɗaya daga wuyan da ya ɓoye. "Ka san da su, ko?"

"Na sani, Baba."

Baba ya kwantar da wuyan a kwarin, ya ɗaure, ya ja. Hannun na rawa har gwiwa, amma zarton bai kauce ba. Ya hure garin katakon, ya bi layin da farce.

Auta ya ɗauko gam da 'yan tsinke zai cike tsofaffin ramukan na hagu. Baba ya dafe masa hannu.

"Bar su, Autana. Kar ka toshe. Nan ba da daɗewa ba, za ka neme su, in zarton ya dawo hannunka."

Auta ya mayar da murfin gam ɗin, ya kasa ɗago kai.