Hoton da Fa'iza ta kawo wa mahaifinta

Fa'iza ɗiyar Malam Muniru ce, mai haƙar rijiya a Zongon Kumasi. Aikinta ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa da na'urar girgiza, amma laushin ƙasar sama yana karkatar da hoton. Sai bayan shekara uku ta gyara shi da girgizar da ke bin doron ƙasa, wadda abokan aikinta suke watsarwa.

Ta sauka a tashar Kejetia tana ɗokin nuna wa mahaifinta hoton. A gida ta tarar ciwon sukari ya makantar da shi, an ɓoye mata.

"Baba, hoton ya fito sarai," in ji ta.

Ya shafa takardar da hannu. "Faɗa mini abin da ke ciki, uwata."

Ta fara bayani, kuka ya ƙwace mata.