Wa Zai Karanta wa Anselme?

…wai kuma ba ya ciwo, in ji Maryse. Wa ya ce mata ciwo nake tsoro? Ga shi nan kan tebur, kusa da kofin gahawa. Ɗan abu kamar ƙwayar wake. Ka cusa a kunne, wani ya zauna can bayan fitilu da takarda yana raɗa maka maganarka, kai kana maimaitawa a gaban kyamara kamar aku. Ni. Anselme Roubaud.

Solange, matata, da kina raye da kin yi dariyar nan taki ta hanci.

Maryse ba muguwar darakta ba ce, kar ki zarge ta. Jiya na tsaya a tsakiyar magana — aka sake, na sake tsayawa, rana ta juya, masu fitilu suka koma kallon takalmansu. Ta ja ni gefe. "Baba Anselme, manya ma suna sawa yanzu." Manya. Sauran maganar kuwa, teku ta kalla ta faɗa, ba ni ba: in yau ma bai yiwu ba, za a cire wurin. Wurin kuwa shi ke nan abin da nake da shi a fim ɗin. Tsohon masunci yana sallama da jirginsa. In aka cire, wa zai sake kiran wanda ya haura tamanin?

A tashar jiragen ruwan nan ta Sète masu fim suka tsince ni. Can, inda motar abinci take tsaye yanzu. Buhun gishiri a kafaɗa. Wani cikinsu, da farar hula a ka, ya ce tsaya haka, kar ka yi komai. Ban yi komai ba. Ya ce fuskar nan da gatari aka sassaƙa ta… shi ke nan, na bar dako.

Ban taɓa zama wanda yarinya ke kuka a kansa ba. Ni ne mahauci. Direban babbar mota, ɗan sandan ƙauye, mai gadin kurkuku. An harbe ni, an nutsar da ni, an jefo ni daga jirgin ƙasa cikin ƙanƙara — na tashi na kakkaɓe na ce ko a sake? Sunana can ƙasan takardar talla, in ma an tuna. Amma shiga kowane shagon burodi daga nan har Lille. "Malam, ba kai ne ka mutu ran Lahadi a talabijin ba?" Ni ne. Na kuma mutu da kyau.

Kuma ba a taɓa tsayar da aiki saboda ni ba. Ba a taɓa ba, sai jiya. Gilbert mai ɗaukar sauti shaida ne, tun muna da baƙin gashi muke tare. Shi ya kawo abin ɗazu, ya ajiye, bai yarda mun haɗa ido ba. "Sa kawai, tsohon jaki. Kunnen ma ai zaman banza yake, tunda ba ka jin maganar kowa." Na ce ya fita. Ya fita. Shi ma ya tsufa, a zaune yake aiki yanzu…

Na karanta takardar fim ɗin fa. Kar ki ce ban karanta ba. Tun watan jiya, da yatsa, layi bayan layi, yadda aka koya mana kafin babana ya cire ni daga makaranta ya kai ni tasha. Muddin takardar tana buɗe, na iya. In na rufe — fari fat. Fim na farko ke nan tun da muka kai ki makabartar kan tudu. Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce musu?

Ɗakin girkinmu, a da. Taga a buɗe, ƙanshin tafarnuwa. Ke kan kujera, ƙafafunki kan wata, tabarau a ƙarshen hanci, takarda a cinya. Ni ina fere dankali. Ke ce alƙali, ke ce ɓarawo, ke ce matar mashaya, duka da murya guda, muryar mai tallan kifi. Ki karanta mini nawa, ki karanta nasu, in amsa. In na kauce, cokali a kan tebur — ƙwas. "Ba haka ba, kurma. Daga farko." Kafin dankali ya ƙare magana ta zauna. Mun ci dankali a gidan nan, Solange. In fim mai dogon zance ne har maƙwabta sai sun ci.

Daraktoci suna cewa Roubaud ya san inda ake yin shiru. Wani ma ya rubuta a jarida, shirun Roubaud, wai ba a koyar da shi a makaranta. Gaskiyarsa. Taurari su yi ta zuba, ni in tsaya a tsakiyar jimla, in bar su suna jira, zauren kallo duka yana jira. Wannan nawa ne. Wannan kam ba wanda ya ba ni…

Tsaya.

Inda kike tsayawa ki lashi yatsa ki juya shafi. Inda kike kurɓar gahawa. Inda tabarau ke zamewa ki tura shi sama. Nan ne… nan ne nake shiru. Mai gadin kurkukun nan da mutane suka yi wa kuka — kin tashi ne ki rage wutar miya.

To. Ashe mu biyu muka yi su duka. Ba laifi. Mun yi su da kyau.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Maryse ce. "Baba Anselme, haske ya yi daidai."

Abin yana tafin hannuna, ko nauyi babu. Wanda zai karanta mini ɗan Paris ne, ya yi makaranta, bakinsa kamar keken ɗinki. Ba ya lasar yatsa. Ba miya a kan wuta. In na sa, maganar za ta fito tsaf — shirun fa? In ban sa ba, shirun kaɗai zai fito.

"Ina zuwa."

Bari tukuna. Bari in ɗan zauna.