Kaskar da Ta Rama wa Tumaki

Yayana Toktosun ya taɓa shaƙe kyarkeci da hannu, amma a kakar da muka sauko da tumaki daga duwatsu, nama ya fara kayar da shi. Sai ya ci rago da hantsi lafiya lau, la'asar na yi borin jini ya rufe shi, leɓe ya kumbura, numfashi ya ƙi fita. Muka zargi tukunya, muka zargi bakin mutane. Ba wanda ya zargi naman, tunda ya daɗe da wucewa.

Likitar gari ta tambaye shi ko kaska ta cije shi.

"'Yata, makiyayi kike tambaya?" in ji shi.

Ta ce yawun kaskar ne ya sa jininsa ya ɗauki nama abokin gaba. Haushi ya kama ni, na ce a canza likita.

Ranar bikin ɗana aka ajiye wa Toktosun kan rago, don shi ne babba. Ya yanka kunne ya ba yara don su riƙa jin magana, ya miƙa wa kowa rabonsa, shi kuwa ya tsoma burodi a shayi.

Da muka fito ya cire kaska daga wuyan karensa. Na miƙa masa dutse ya murƙushe ta, bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar dawa ba.

"Burul," ya ce da ni, "shekara sittin ina yanka tumaki, ban san suna da mai rama musu ba."