Hanyar Dawakin Baba

A bayan gidan Umma mai ɗinki akwai wata hanya da ba don mutane aka yi ta ba. Maƙwabcinsu, Baba Mai Doki, shi ya sa aka zuba mata yashi mai laushi, ta zagaye filinsa, don dawakin da yake horarwa su yi gudu dutse bai ci kofatonsu ba. Kullum da safe sai ya bi ta da manjagara yana baje ta kamar mai gyaran shimfiɗa.

Ita kuwa Umma, masu kawo mata ɗinki sai sun sha zagaye kafin su iso ƙofarta, wasu ma su ɓata su juya. Autarta tana cikin masu zana taswira a waya, irin wadda kowa ke sa hannu, wannan ya ƙara layi, wancan ya gyara, direbobi su bi. Ran nan Umma ta leƙa wayar, ta ga hanyar Baba an ja ta ɗigo-ɗigo, ta zo daidai bakin lungunsu.

"Wannan fa, me ya hana ta kauri kamar sauran?"

"Ta dawaki ce, Umma. Kowace hanya da ajinta: ta mota, ta ƙafa, ta doki."

"Mai da ita ta mota."

"Umma, ai ba don mota aka yi ta ba."

"Dokin ne ke duba waya? Mutanena na wahala. Ni na haife ki ko taswira?"

Auta ta sunkuyar da kai, ta danna.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi, Umma na kan keken ɗinki ta ji ihu. Ta yafa mayafi ta fita. Wata motar kaya ce maƙare da siminti ta nutse a yashin har gindi, ta tone hanyar kaca-kaca.

"Wallahi waya ce ta ce in shigo!" direban ke ta rantsuwa. "Ni me ya haɗa ni da doki?"

Can gefe Baba ya durƙusa, yana riƙe da ƙafar wata goɗiya. Ta firgita ne ta faɗa shinge, jini na bin ƙafar, sai rawa jikinta ke yi. Ya ɗago ya ga Umma.

"Maƙwabciya, a taimaka mini da ƙyalle mai tsabta. Allah ya sa ba su tsorata ku ba."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta kawo ƙyallen, ta miƙa masa ba ta iya haɗa ido da shi ba.

A ɗaki ta tarar da Auta na share hawaye. Ashe duk gyaran da aka yi a taswirar, da sunan mai shi yake zama. Abokan aikinta sun gani, sun ce da gangan ta ɓata, za su hana ta taɓa komai. Yarinyar kuwa ta ɓoye musu cewa Umma ce ta sa ta.

Umma ta ta da sallar azahar, sai da ta yi sujadar rafkanuwa. Tana sallamewa ta juyo.

"Mai da ita ta dawaki."

"Sun riga sun gyara."

"To danna mini inda kike magana da abokan aikin naki."

"Umma, kowa fa zai ji."

"Don su ji na ce ki danna."

Ta kai wayar bakinta. "Salamu alaikum. Ni ce uwarta. Ta faɗa mini ta doki ce, ni na tilasta ta. Ku bar mata aikinta, don Allah."

Ta ajiye wayar, ta zura takalmi.

"Ina kuma za ki?"

"Wurin Baba. Shi ba a waya zai ji ba. Ɗauko mini manjagarar nan ta bayan ƙofa."